Kwamfutar tebur a gidan da ke da Wi-Fi: sai an sayi wani layin intanet?

Ga gida da Wi-Fi, kowa na hawa da wayarsa, har talabijin ɗin falo na jan bidiyo ba gargada. Sai maigida ya shigo da kwamfutar tebur, irin manyan nan na ofis 'yan tokumbo, aka jona mata sikirin da kibod, aka kunna, aka leƙa kusurwar ƙasa ta dama inda alamar Wi-Fi ke fitowa, wayam. Daga nan tambayoyi ke tasowa. Sai an sake sayen wani layin intanet saboda ita? Ko dai mai lahani aka sayar wa mutum? In kuma aka ja mata kebul daga rauta, wato akwatin da ke ba gidan Wi-Fi, ba za ta janye komai 'yan gida su tashi a tutar babu ba?

Amsar duka ukun a'a ce. Galibin kwamfutocin HP da Dell da Lenovo da suka cika Computer Village ta Ikeja da kasuwannin Kano, an ƙera su ne don ofisoshin da aka riga aka shimfiɗa wa kebul a bango, shi ya sa da yawansu ba a sa musu katin Wi-Fi ba. Amma da wuya ka samu wadda ba ta da kafar kebul a bayanta, wata 'yar kafa mai kusurwa huɗu da ta ɗan fi ta tsohuwar wayar girke faɗi. Wannan kafar ita ce hanyar da aka tanadar mata tun daga masana'anta.

Tanki ɗaya ne, famfo ne ya bambanta

Tushen ruɗanin shi ne mun saba kiran Wi-Fi da sunan intanet, kamar abu ɗaya ne. Intanet shi ne abin da kamfani ke kawo maka ta layin SIM, ko zaren faiba, ko tauraron ɗan Adam. Wi-Fi kuwa hanya ce kawai ta raba shi a cikin gida ta iska. Akwatin da muke kira rauta shi ne ke tsakani: ya karɓo daga waje, ya ba kowace na'ura adireshinta, sannan ya miƙa mata rabonta, ko ta iska ko ta kebul.

Ɗauki tankin ruwa na saman gida. Wi-Fi kamar famfon tsakar gida ne, kowa ya zo da bokitinsa, ana tara ana kaucewa, wani na jiran wani. Kebul kuwa fayif ne da aka ja daga tankin kai tsaye zuwa ɗaki guda. Jan fayif ɗin bai rufe famfon tsakar gida ba, kuma bai ƙara ruwan da ke shigowa tankin ba. Duk wanda ya riƙe wannan misalin, ya gane rabin maganar.

Kebul ma ya girmi Wi-Fi nesa ba kusa ba. A 1973 Robert Metcalfe ya tsara fasahar da ake kira Ethernet a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka, shi da abokin aikinsa David Boggs. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da ƙa'idarta a 1983 da lamba 802.3, sai a 1997 ta fitar da ƙa'idar Wi-Fi ta farko da lamba 802.11. Dubi lambobin, 'yan gida ɗaya ne. An tsara ƙanin ne ta yadda zai zauna lafiya da wansa, shi ya sa rauta ɗaya ke ɗaukar su tare ba tare da an saita komai ba.

Da zarar ka cusa kebul, kwamfutar za ta nemi adireshi, rautar ta ba ta, ta wani tsari da ake kira DHCP. In wayarka ta samu 192.168.1.5, kwamfutar na iya samun 192.168.1.6. Wasu rautocin da 192.168.0 suke farawa, na Huawei da yawa kuma da 192.168.8. Ko ma wanne ne, lambobi ukun farko iri ɗaya za su kasance a wayar da kwamfutar, alamar duk a inuwa ɗaya suke. Ba a tambayar kalmar sirri a kebul. Wannan sauƙi ne, kuma kamar yadda za mu gani a gaba, abin lura ne.

Juya akwatin ka duba bayansa

Kafin ka kashe ko kwabo, ɗauki abin da ke ba ka Wi-Fi ka juya shi. In rauta ce ta girke, irin ta 4G ko 5G da MTN da Airtel ke sayarwa, ko wadda masu faiba suka kafa, za ka ga kafa ɗaya zuwa huɗu an rubuta musu LAN. Nan ne mazaunin kebul ɗinka. Sau da yawa akwai wata kafa guda da ta fita daban, launinta daban, an rubuta mata WAN ko Internet. Wannan ta shigowar intanet daga waje ce. Kuskuren da aka fi yi ke nan: a cusa kebul ɗin kwamfuta a WAN, a ga fitila ta kama, a yi ta jira shiru. A wasu rautocin SIM kafa ɗaya ce tal mai rubutun LAN/WAN, ita tana yin aikin biyu.

In kuwa 'yar MiFi ce ta aljihu, yawancinsu ba su da kafar kebul sam. Da yawa dai suna ba da intanet ta kebul ɗin USB da ake yi musu caji da shi, haka ma wayar Android in aka kunna mata raba intanet ta USB. Dabara ce mai fitar da mutum kunya na yini ɗaya ko biyu. Ban so ta zama ta dindindin, domin batirin da ke kwana yana wuni a jone cikin zafin bazara ƙarshensa kumbura.

Masu Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, su ma sai sun duba. Rautarsu samfuri na biyu da ta zo da farantin nan mai kusurwa huɗu ba ta da kafar kebul, sai an sayi adaftarta daban. Wadda ta biyo bayanta tana da kafa biyu a baya, a ɓoye ƙarƙashin murfi.

In kafofin sun cika, akwai ɗan akwati da ake kira suwic, mai kafa biyar ko takwas. A ja kebul ɗaya daga rauta zuwa gare shi, sauran kafofin su zama naka. Ba ya buƙatar saiti, wuta kawai yake so.

Kebul ɗin kansa, inda aka fi cutar mutane

A cikin rigar kebul akwai siraran wayoyi takwas, an murɗe su bibbiyu. Murɗin ba ado ba ne, shi ke kashe hayaniyar lantarki da ke shiga saƙo. Nau'in Cat5e da Cat6 duk suna ɗaukar gigabit guda, wato megabit 1000 a daƙiƙa, har tsawon mita 100. Wannan ya ishi kowane gida. In mai shago ya matsa maka da Cat7 ko Cat8 a kan ya fi gudu, ka riƙe kuɗinka, kafar rautarka da ta kwamfutarka ba za su wuce abin da aka ƙera su a kai ba.

Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne ƙarfen da ke ciki. Maƙwabcina yana da shago a ƙofar gidansa, yana buga takardu yana cike wa ɗalibai fom. Rautar tana can falon cikin gida, tsakaninsu bango uku. Ya sayi kebul kamar mita talatin da biyar, yaron shagon ya matse masa kawuna, aka bi da shi ta gefen zaure. Wata biyu lafiya lau, sai abu ya fara: a yi aiki minti goma ya ɗauke, a taɓa kebul ɗin ya dawo. Ya kira ni bayan la'asar, ga yara uku a benci suna jiran a tura musu fom.

Na buɗe bayanan haɗin a Windows, sai na ga gudun ya tsaya a 100 maimakon 1000. Wannan kaɗai labari ne. Gudun megabit 100 wayoyi huɗu yake buƙata, gigabit kuwa sai duka takwas ɗin, saboda haka in ɗaya ta tsinke a cikin waɗanda ba na dole ba, na'urorin kan sauko 100 su ci gaba shiru. Muka bi kebul ɗin da hannu har ƙofar zaure, inda ƙyauren ƙarfe ke cizonsa kullum in an rufe. Na yanke wurin, na fere waya ɗaya, na kankare ta da reza. Jan ya tafi, fari ya bayyana.

Na ce, "Alhaji, wannan alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama."

Ya karɓa ya juya ta a hannu ya ce, "Malam, ai a jikinsa an rubuta Cat6."

Rubutu ba ya wahalar bugawa. Irin wannan kebul ya cika kasuwa saboda arha, a kwalinsa wani lokaci za ka ga an sa CCA da ƙananan baƙaƙe. Yana aiki, amma ba ya jure lanƙwasa, yana karyewa a ciki rigar na nan garau, kuma ƙa'idar Cat5e da Cat6 jan ƙarfe zalla ta sani. In za ka saya, ka ce a kankare maka bakin waya ɗaya a gabanka. Mai kayan kirki ba zai ƙi ba.

Wurin matse kai ma a sa ido. Jerin da aka fi bi, mai suna T568B, shi ne fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, kuma haka za a jera a duka bakin biyu. Wasu yaran kan jera yadda suka ga dama, su ce ai in bakin biyu sun yi daidai shi ke nan. A gajeren kebul yakan wuce, a dogo kuwa sai ya riƙa yankewa, don an raba wayoyin da aka murɗe tare. A sa a gwada maka da na'urar gwaji, ka ga fitilu takwas sun bi layi ɗaya bayan ɗaya kafin ka biya.

Sai hanyar da za a bi da shi. Kada a haɗa shi da wayar lantarki a fayif ɗaya. Rigar kebul na cikin ɗaki ba ta jure rana, tana bushewa ta tsattsage, don haka duk inda zai fita fili a sa shi a fayif ɗin roba ko a nemi na waje mai baƙar riga. A cikin silin ɓera ne abokin gaba. Babbar barazana kuwa tsawa ce. Kebul da aka rataya a sama daga wannan gini zuwa wancan yana iya kwaso ƙarfin aradu ko da ba a kansa ta faɗo ba, ya ƙone kafar rauta da ta kwamfuta lokaci guda. Gara a binne shi a fayif, kuma in hadari ya haɗo da damina a zare shi daga bakin biyu.

Shin kebul yana ƙara gudu?

Nan ake musu. Wasu na cewa kebul ya ninka Wi-Fi, wasu na cewa zamani ya wuce shi, Wi-Fi na yanzu ya isa. Kowa da gaskiyarsa, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba.

In kamfani megabit 20 yake ba ka, ko da kebul na zinari ka ja 20 ɗin za ka samu. A tuna kuma megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya, don haka layin megabit 20 ba zai sauke fiye da megabait biyu da rabi a daƙiƙa ba. Mutane da yawa na ganin 2.5 a sikirin su ɗauka an cuce su, alhali lissafin ne haka. Wanda ke zaune ɗaki ɗaya da rauta mai kyau, da wuya ya ga bambanci tsakanin kebul da iska.

Amma gidajenmu ba na katako da kwali ba ne. Bulo ne da siminti, da rufin kankare mai rodi, da ƙyauren ƙarfe, da rufin kwano, wasu kuma katangar ƙasa mai kauri. Zangon Wi-Fi na 2.4 GHz yana ɗan ratsa bango, sai dai cunkoso ya yi masa yawa, tashoshi uku ne kawai a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma duk rautocin maƙwabta a nan suke turereniya. Na 5 GHz ya fi gudu da sarari, amma bango biyu sun isa su karya shi. Ga kuma jiran layi, don na'urorin da ke kan tasha ɗaya bi da bi suke magana. Kebul bai san wannan ba. Saƙo na zuwa rauta ya dawo cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, safe da dare, kuma yana aikawa yana karɓa a lokaci guda.

Saboda haka abin da kebul ke sayo maka shi ne tsayuwa. Mai taro ta bidiyo, da mai ɗora manyan fayiloli, da mai cike fom a shafin da ke korar mutum in haɗi ya yanke na ɗan lokaci, su suka san darajarta. 'Yan gida ma suna da riba, tunda an cire babban mai ci daga famfon tsakar gida. Abin da bai canza ba shi ne tankin: in kwamfutar ta kama sauke wani ƙaton fayil, wayoyin gida za su ji a jikinsu. Ra'ayina dai, duk na'urar da ba ta motsi daga inda aka ajiye ta, a ba ta kebul.

In jan kebul ba zai yiwu ba

Ɗan haya ba kullum yake da ikon huda bango ba. Mafi sauƙi a nan shi ne ɗan adaftar Wi-Fi na USB. A guji cusa shi a bayan kwamfuta a tura ta jikin bango, domin akwatin ƙarfen zai tare masa sigina, a sa shi a gaba ko a ɗaga shi da ɗan kebul na ƙari. Wani lokaci sai an sauke masa direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, kafin ya yi aiki, ga shi kwamfutar ba intanet, to nan dabarar waya da USB ke amfani.

Akwai kuma na'urar ƙara zangon Wi-Fi mai kafar kebul a jiki. Ta kamo sigina ta iska, ta miƙa wa kwamfutar ta gajeren kebul. A sani cewa haɗin har yanzu na iska ne, ƙarfinsa bai wuce abin da ta kamo ba.

Wadda nake ja wa mutane kunne a kai ita ce adaftar da ke bi da intanet ta wayoyin lantarkin gida, ɗaya a soket kusa da rauta, ɗaya a ɗakin kwamfuta. A inda wuta ke tsaye kuma wayarin gida a tsare yake, tana aiki. A gidan da ake sauya layi uku, yau wutar kamfani, anjima janareta, da dare inbata, kuma falo da ɗaki ba lallai su kasance a layi ɗaya ba, caca ce. Ba ta kuma shiri da sitabilaiza ko soket mai kariyar hawan wuta.

Wanda ke da tsohuwar rauta a ajiye zai iya mai da ita suwic, har ta ƙara masa Wi-Fi a can ɓangaren. Sharaɗin shi ne a kashe mata DHCP, a ba ta adireshin da bai yi karo da na babbar ba, a haɗa su LAN da LAN. In aka bar su biyun suna raba adireshi, gidan zai rikice, wannan ta hau waccan ta sauka.

An jona, ba ta hau ba

Fara da fitilun bakin kafar. In ba su kama ba, matsalar kebul ce ko kafa, a sauya ɗaya a gani. In sun kama amma adireshin kwamfutar ya fara da 169.254, ma'anarsa ta nema ba wanda ya amsa mata, sai ta raɗa wa kanta. A duba ko WAN aka shiga, a kashe rautar a kunna. Wasu kwamfutocin ofis kan zo da tsohon adireshin da aka kafe musu da hannu, sai a mai da saitin ya riƙa karɓa da kansa.

Ga wata da ke wahalar da masu tokumbo. Haɗi ya nuna lafiya, amma kowane shafi aka buɗe sai gargaɗin tsaro. Dubi agogon kwamfutar. Akwai ɗan batiri mai kama da kwabo a cikinta, CR2032, shi ke riƙe kwanan wata. In ya mutu, sai ta koma shekarun baya, shafuka su ƙi yarda da ita. Gyara kwanan wata, sauya batirin, magana ta ƙare.

Data da tsaro: abin da ke biyo baya

Gidan da ke sayen data da awo ya shirya. Windows na ɗaukar haɗin kebul a matsayin wanda ba shi da iyaka, kuma kwamfutar da ta daɗe a kwali tana da bashin sabuntawa mai yawa. A daren farko tana iya cinye gigabait da dama, da safe a hau zargin yara. A shiga Settings, sashen Network & Internet, a danna Ethernet, a kunna Metered connection. Wannan zai taka mata birki sosai. Amma a riƙa sake mata lokaci zuwa lokaci in data ta wadata, domin sabuntawar nan ita ce rigakafinta.

Rigakafin kuwa ba wasa ba ne. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, ya kuma rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 a 14 ga Oktoban 2025, kuma da yawa daga kwamfutocin da ke kasuwa da ɗayan biyun suke zuwa. A Mayun 2017 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da ɗari, har ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya, kuma ba sai an danna komai take shiga ba, daga kwamfuta zuwa kwamfuta take tsallakawa ta ƙofar raba fayiloli a Windows ɗin da ba a sabunta ba. Kwamfutar da ba ka san hannun da ta bi ba, a goge ta a sa mata sabon Windows kafin ta zauna inuwa ɗaya da wayar da kake shiga banki da ita.

Zama a inuwa ɗaya yana da daɗinsa. Firintar da ke jone da kwamfutar za a iya raba ta, laftof ɗin cikin gida ya turo aiki ta Wi-Fi, in an saita haɗin a matsayin Private. In abin ya ƙi, a duba ko laftof ɗin yana kan Wi-Fi na baƙi, don an tsara wannan ne musamman ya hana na'urori ganin juna.

Sai maganar kalmar sirri da na ce za mu dawo kanta. Kebul ɗin da ya fito shago ƙofa ce a buɗe zuwa cikin gida. Duk wanda ya zare shi ya cusa a laftof ɗinsa ya shiga, kuma in ya rubuta adireshin rautar a burauza, shafin saitinta zai buɗe masa. Rautoci da yawa, musamman tsofaffi, da admin suke zuwa a matsayin suna da kalmar shiga, kuma ba ita ce kalmar Wi-Fi ba, daban take. Ta maƙwabcina haka muka same ta. Bayan mun ja sabon kebul na jan ƙarfe a cikin fayif, ta saman ƙofar zaure wannan karon, muka sauya kalmar, ya rubuta ta a bayan littafin cinikinsa, sannan ya kira yaron farko a benci ya kawo takardunsa.